Mijin Mai Tsutsa

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Awaisu! Fito ka ga abin da idona ya gane mini!"

Ihun Gwaggo ne ya cika gidan da hantsin ranar Asabar. Awaisu ya fito a guje, hula a hannu, ya iske ta tsaye a ƙofar ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, ta dafe ƙirji. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma jiya ta zo daga Danja don ta yi musu kwana biyu a Funtua. Tsintsiya ta shiga nema, sai ta yi arba da robobi jere a kan katako, an ɗaure bakinsu da farin yadi, tsutsotsi na motsi a ciki kan ganyen masara.

Najiba, matar Awaisu, ta fito daga kicin tana goge hannu, 'yarsu Humaira na riƙe da zanenta. Ta durƙusa.

"Ki yi haƙuri Gwaggo, laifina ne da ban gaya miki ba. Tsutsar nan ce da ke cinye wa manoma masara. Ina kiwon ta ne saboda ƙwanta. Kin ga kwalaben can? Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari a ciki, ba su kai ƙwayar gero ba. Su a cikin ƙwan tsutsar suke zuba nasu, sai ta mutu tun ba ta ƙyanƙyashe ba. In sun yi yawa za mu kai su gonaki mu saka."

"Kiwo?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Mutane na kiwon tumaki da kaji, ke kina kiwon tsutsa? A gidan aurenki, dab da inda ake dafa abinci?"

"Rufin lab ɗinmu, ɗakin da muke gwaje-gwaje, ne ke yoyo, shi ne Abban Humaira ya ba ni ɗakin nan kafin a gyara."

"Dama an gaya mini! Masu kimiyyar nan duk haka suke ƙarewa. Karatu in ya yi wa mutum yawa juya masa kai yake yi. Kuma an ce ba su yarda da Allah ba, wai cewa suke yi kakanmu biri ne!"

"Haba Gwaggo, tare fa muka yi sallar asuba," in ji Najiba.

"Sallah daban, abin da ke cikin kai daban!"

Awaisu ya yi dariya, ya lallashi Gwaggo ya mai da ita falo. A lokacin abin bai dame shi ba. Shi da kansa ya ga Najiba ya ce yana so, ranar da ta shigo shagonsa na taki da iri da maganin feshi tana ɗaliba, tana tambayar wane magani manoma suka fi saye. Shi da bakinsa ya yi wa mahaifinta alkawari a Malumfashi cewa ba zai hana ta karatu ba. Ga shi yanzu tana digiri na uku, tana aiki da wata cibiyar binciken noma, har a rediyo an taɓa jin muryarta.

Amma ranar da zai kai Gwaggo tasha, sai ta dube shi a kaikaice.

"Wai ni wane ne Jonah ɗin nan da ba ya fita daga bakinta?"

"Abokin aikinta ne, Gwaggo. Tare suke zuwa gonakin Tsiga."

"Abokin aiki. Mace da namiji cikin gonar masara, masara ta fi tsawon mutum, kai kana shago kana auna taki. To, Allah ya kyauta."

Ta hau mota ta tafi, ta bar masa maganar tana yi masa yawo a ka.

Kamar haɗin baki, a makon ne Mati, maƙwabcinsa mai sayar da buhuna, ya shigo shagon da waya a hannu yana washe baki.

"Mijin mai tsutsa! Ka ga madam a guruf ɗin manoma kuwa? Bidiyonta sai yawo yake yi."

Awaisu ya karɓi wayar. Najiba ce cikin dogon hijabi da takalmin roba, ta sunkuya kan ganyen masara, wani mutum da malafa ta rufe masa fuska ya sunkuya ta ɗaya gefen, suna leƙa abu ɗaya ta cikin ɗan madubi mai ƙara girman abu. Mutumin ya faɗi wata magana, ta ɗago tana dariya har da tafa hannu.

"Ka ga yadda suka dace, ita da Jonah ɗin?" in ji Mati. "Dakta da Dakta. Su fa masu kimiyya ba sa jin daɗin hira sai da irinsu. Kai in ka koma gida me kake gaya mata, farashin takin yuriya? Kuma ka san dai aikin nan nata kasuwarka zai kashe. In ƙwari suka cinye tsutsa, wa zai sayi maganinka?"

'Yan zaman shagon suka kwashe da dariya. Awaisu ya yi yaƙe, ya miƙa masa wayar. Shi karatunsa a sakandare ya tsaya. Bai taɓa jin ciwon haka ba sai yau.

Da yamma ya biya kasuwa ya sayo mata leshi mai ruwan hoda, kalar da take so. Ta karɓa da murna.

"Kai, Abban Humaira! Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Bari in leƙa ɗaki in zo in gwada."

Ta shiga ɗakin ƙwarin. Can sai ya ji ta ƙwala ihu, ta fito da gudu ta wawuri wayarta.

"Malam Jonah! Sun fito! Wallahi sun fito, kwalaben sun cika! Mako mai zuwa sai Tsiga!"

Daga nan ta juye da Turanci, tana zuba wasu dogayen kalmomin da bai taɓa ji ba, tana kai da kawo a tsakar gida, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Awaisu ya dubi leshin da ta bari a hannun kujera. Ya yi ta tunani, yaushe rabon da ta yi masa irin wannan murnar? Kuma da abin farin ciki ya same ta, shi da ke zaune a falo ba shi ta fara gaya wa ba.

Tuwon da ta kawo masa ko rabi bai ci ba.

Washegari da safe tana ɗaura wa Humaira takalmi ya tsaya a kanta.

"Yau ba za ki Tsiga ba."

"Lafiya dai? Manoma na jiranmu, za mu zaɓi gonakin da za a fara."

"Manoma ke jira, ko Jonah?"

Hannunta ya tsaya cak. Ta ɗago a hankali.

"Abban Humaira, me ka ce?"

"Abin da kika ji. Kullum Jonah, Jonah! A waya Jonah, a gona Jonah, har a bidiyo duniya na kallon matata tana ƙyalƙyala wa wani ƙato dariya. A kasuwa an mai da ni abin tsokana. Ni kike raina wa wayo don ban iya Turancinku ba?"

"Subhanallahi! Mutumin da ya kusa haifata? Matarsa Anti Rahab fa har gidan nan ta zo barka da na haifi Humaira. Filis, ka zo mu je tare ka gani da idonka."

"Ba inda za ni! Ku dama haka kuke. Ba ku san kunya ba, ba ku san iyaka ba, komai a wurinku bincike ne!"

"Mu su wa?"

"Ku masu kimiyya!"

Idanunta suka kaɗa. Sannan ta cire takalmin robar da ta riga ta sa.

"Shi ke nan. Tunda ka hana, na fasa. Zan kai Humaira allurar rigakafi in dawo."

Da ya tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma kishi bai bar shi ya zauna a shago ba. Kafin azahar ya dawo gida don ya ga ko da gaske asibitin ta tafi. Ba ta nan, sai wayarta da ta manta a caji. Yana tsaye ta hau ruri. Sunan Malam Jonah ne a kai. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Ta sake katsewa, ta kuma ɗauka.

Idanunsa suka rufe. Ya fita wurin mashin ɗinsa ya ciro gwangwanin maganin ƙwari, irin mai ƙarfin da yake sayarwa. Ba wanda ya kai shi sanin aikin maganin nan. Ya shiga ɗan ɗakin, ya kwance yadin bakin robobi da kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta fesawa har sai da tari ya sarƙe shi. Ya ja ƙofa ya koma falo ya zauna.

Tun daga zaure Najiba ta ji warin. Ta dire Humaira, ta ruga. Ya ji ƙarar buɗe ƙofa, sannan shiru. Shirun ya yi tsawo har ya fara fatan ta yi ihu. Daga baya ta fito riƙe da kwalba ɗaya, ƙasanta ya yi baƙi da gawarwakin 'yan ƙwarin kamar garin barkono.

"Kai ne?" Muryarta can ƙasa.

"Ni ne. Gidana ne ai. Kuma daga yau aikin nan ya ƙare."

"Damina biyu na yi ina tara su, Abban Humaira."

"Sai ki huta."

Ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"To," ta ce. Ta ɗauki 'yarta ta fitar da ita daga warin.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kira Malumfashi ba. Ta ci gaba da girki da shara da gaishe shi safe da yamma, sai dai gidan ya koma kamar gidan makoki. Dariyarta ta ɗauke, hirarta ta ƙare a "sannu da zuwa" da "ga abinci". Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa. Awaisu ya samu abin da yake so, wayar ta daina ruri, amma ya rasa dalilin da ya sa abinci ba ya yi masa daɗi.

Da ya gaya wa Gwaggo ta waya, guɗa ta rangaɗa.

"Yanzu ka zama namiji! Ta yi kuka?"

"A'a."

"Ka gani ko? Na gaya maka zuciyarsu dutse ce. Macen kirki ai da ta cika gida da kuka."

Ya so ya yarda da haka. Amma wata rana da ya dawo cin abincin rana, Humaira ta hau cinyarsa tana wasa da maɓallin rigarsa, ta ce, "Abba, kullum in ka fita Umma shiga ɗakin ƙwari take yi ta yi ta kuka. Ƙwarin ne suka cije ta?"

Ya sauke ta a hankali, ya ture kwanon abincin gefe.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa wata mata mai matsakaicin shekaru ta yi sallama a shagonsa, da ɗaurin ɗankwali da jakar malaman makaranta. Ya gane ta. Rahab ce, matar Jonah. Ya haɗe rai.

"Malam Awaisu, ba saye na zo yi ba. Ka ba ni kujera, magana ce da ni."

Ya tura mata benci. Ta zauna ta gyara jakarta a cinya.

"Ka san ni ma na taɓa kishin matarka?"

Ya ɗago da sauri.

"Ƙwarai kuwa. Tun ina amarya 'yan'uwana ke ce mini na auri mahaukaci, mai yawo da kwalba yana kamun ƙwari. A coci ma wasu cewa suke yi irinsu ba sa tsoron Allah, alhali shi ke tashina addu'a da asuba. Da aka haɗa shi aiki da yarinya kyakkyawa kamar Najiba, sai mata suka sa ni gaba. Wai ai masu kimiyya junansu suke so, ni malamar firamare me na sani? Barci ya ƙaurace mini. Rannan na hau acaɓa na bi su Tsiga ba su sani ba. Na laɓe cikin masara kamar ɓarauniya, ƙaiƙayi na ci na. Ka san me na ji? Tun hantsi har rana ta take suna gardama a kan kashin tsutsa! Kashin tsutsa, Malam Awaisu! In ta saki wannan, sai 'Abban Humaira ya ce manoma sun fi sayen kaza', 'Abban Humaira ya fi kowa sanin iri mai kyau'. Har na gaji da jin sunanka. Da azahar ta yi, ta shimfiɗa ɗankwali a gindin ɗorawa, shi kuma ya koma bakin hanya ya ba ta baya har ta idar. Na dawo gida da borin jini da kunya."

Awaisu ya sunkuyar da kai. "Me ya sa kike gaya mini wannan?"

"Saboda matarka ta kira shugabanninta ta ce sakacinta ne ya kashe ƙwarin. Wai ita ta manta ta fesa maganin sauro a kusa da su. Najiba? Wadda ko turare ba ta shafawa in za ta shiga wurinsu? Sufabaizanta, malamin da ke duba karatunta, ya wanke ta tas, an cire sunanta daga taron da za ta gabatar da aikin, karatunta ya koma baya da shekara guda. Jonah ya yarda, don shi abin da aka gaya masa shi yake ɗauka. Ni ban yarda ba. Na san hannun mai kishi in na gan shi, don nawa ya taɓa yi mini ƙaiƙayi."

Ta miƙe ta rataya jakarta.

"Ta rufa maka asiri, ta ɗauki laifin a kanta. Ni ban ce ka yarda da ni ba. Tsiga ba nisa, ka je ka gani."

Bai jira gobe ba. Ya bar wa Mati shago, ya hau mashin ya kama hanyar Bakori. A Tsiga ya tambayi gonar da masu bincike ke aiki, aka nuna masa ta wata gwauruwa da ake kira Tsohuwa. Tun daga bakin gonar ya ga ɓarnar. Masarar ta yi tsawo, amma ganyenta duk huji, zuciyar kowane kara a cinye.

Tsohuwa ta taso tana dogara fartanya, ya gaishe ta ya faɗa mata ko shi wane ne.

"Kai ne mijin Malama? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, da ka bar ta tana taimakonmu. An ce ba ta da lafiya, yaya jikin nata? Ta yi mana alkawarin ƙwarin nan, muna ta zuba ido. Ni maganin feshi ya fi ƙarfina, kuma bara jikata suma ta yi da ta shaƙe shi. Ka ga dai yadda bana ta zo mana."

"Da sauƙi, Inna," ya ce. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Can tsakiyar gona ya hango malafar da ya gani a bidiyo. Da ya matsa, sai ya ga dattijo ne mai furfura a gemu, rigarsa jiƙe da gumi, gwiwoyin wandonsa duk laka, ya durƙusa yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne mutumin da ya hana shi barci. Ya yi masa sallama ya faɗi sunansa.

"A'a, Malam Awaisu! Kai ne a gonarmu? Yaya Malama Najiba?"

Awaisu ya tsuguna a gabansa.

"Malam Jonah, ba ita ta kashe ƙwarin nan ba. Ni ne. Da gangan na yi, saboda zargin da na ɗora muku."

Jonah ya cire tabarau, ya goge da bakin riga. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi nauyi.

"Ka cuce ta, Malam Awaisu. Ka cuci tsohuwar can ma. Ni nawa mai sauƙi ne, na yafe." Ya numfasa. "Ƙwarin ba su ƙare a duniya ba, suna nan cikin gonaki, nemo su ne wahala. Idona ya fara gajiya. Naka fa?"

Ya miƙa masa ɗan madubin.

"Duba bayan ganye. Za ka ga ƙwai a dunƙule. Farare ba ruwanmu da su. Waɗanda suka yi baƙi muke nema, su ne ƙwarin ke ciki."

Awaisu ya naɗe hannun riga ya shiga kunya. Rana ta gasa shi, ganye ya yayyanke masa wuya, bayansa ya ƙage. Sai a ranar ya san abin da matarsa ke yi in ta ce ta tafi fil, wato aikin gona. Har la'asar ta kusa bai samu komai ba. Yana shirin sarewa ya juya wani ganye, sai ga ɗan dunƙule baƙi ƙirin, bai fi ƙumbar yaro ba.

"Malam Jonah! Ga shi! Wallahi ga shi!"

Ya ji ihun da ya fito daga bakinsa, sai ya yi turus. Irin ihun da Najiba ta yi ne sak.

Rana na shirin faɗuwa ya shiga gida, kaya duk laka. Najiba na tankaɗe a tsakar gida. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye 'yar kwalba kusa da faifanta. Ta ɗauka ta ɗaga sama, ta ƙura wa guntun ganyen ido. 

"A ina ka samo?"

"A gonar Tsohuwa. Da hannuna. Maman Humaira, na ji abin da kika gaya wa shugabanninki. Ki yafe mini don girman Allah."

Kukan da ta daɗe tana ɓoye masa ya ƙwace mata. Ta yi shi sosai, bai hana ta ba. Da ta samu numfashi ta share fuska da gefen mayafi.

"Ƙwarin sun yi mini ciwo, amma ba su suka fi ba. Ranar da ka ce mini 'ku masu kimiyya', ranar na ji kamar ka sake ni. Gwaggo ta faɗa, ban ji haushi ba, ba ta san ni ba. Mati ya faɗa, ɗan kasuwa ne mai neman abin dariya. Amma kai? Kai da ka san sallata da azumina, ka san abin da ke sa ni kuka da abin da ke sa ni dariya, ka bar maganar mutanen waje ta fi abin da idonka ya gani?"

"Tsoro na ji, Najiba. Gani na yi kin yi mini nisa. Abin murna ya same ki, wani kika fara kira."

Ta gyaɗa kai.

"Wannan kam na yi kuskure, sori. Na ɗauka aikin ba ya burge ka, shi ya sa na daina ba ka labari. Da ka tambaye ni, da na gaya maka komai da Hausa. Ba abin da muke yi da Hausa ba za ta iya faɗa ba."

"To yanzu na tambaya. Fara daga farko."

Ta yi murmushi cikin hawaye, karo na farko tun ranar feshin.

Washegari shi da kansa ya kai ta ofis, ya shiga gaban sufabaizanta ya faɗi gaskiya, ya sha kallon da ya sha. Shekarar da ta rasa dai ba ta dawo ba, masarar Tsohuwa ma ba ta tashi ba, sai da kaka ya auna mata daga tasa gonar ya kai mata har gida. Daga nan ya wuce Danja. Ya zauna a gaban Gwaggo da ladabi ya ce ita uwa ce a gare shi har abada, amma maganar matarsa ta ƙare daga yau. Gwaggo ta yi fushi, ta ce an shanye shi da ruwan kwalba, ta daina ɗaga wayarsa har bayan Sallah. Najiba ce ta riƙa aika mata da man ƙafa da goro ba fashi, har tsohuwar ta sauko don kanta.

Duk ranar da ba kasuwa, Awaisu na cikin gonaki yana juya ganye. A shago kuwa, in manomi ya zo sayen maganin feshi, sai ya fara tambayarsa ko ya duba gonar tukuna, ya kuma koya masa yadda zai rufe hanci da baki. Damina ta zagayo, kwalabe suka sake cika, aka saki ƙwarin a Tsiga da wasu ƙauyukan Danja. Ba su gama da tsutsar kakaf ba, amma manoman da aka yi gwajin a gonakinsu sun ga bambanci a rumbunansu.

Ranar da Najiba ta kare digirinta, ta fito daga zauren jami'a ta iske Awaisu da Humaira, da Jonah da Rahab, suna jiranta a inuwa. Gefensu kuwa Gwaggo ce zaune a kan tabarma, ta sha sabon lulluɓi.

"To, an ce yanzu kin zama Dakta ko?" in ji Gwaggo. "Madalla. Zo ki duba mini gwiwar nan, ta hana ni sakat."

"Gwaggo, ai ba irin wannan Daktan ba ne."

"Oh ni! Duk wahalar nan, ko allura ba ki iya ba?"

Kowa ya fashe da dariya. Gwaggo ta harare su, sannan ta jawo Najiba jikinta, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da ɗalibai suka waiwayo.

Haka Allah ya saka wa Najiba a kan haƙurinta da rufa wa mijinta asiri: ya ba ta digirinta, ya bar mata aurenta, ya juyo mata da zukatan da suka ƙi ta. Awaisu kuwa ya gane cewa mai binciken kimiyya mutum ne kamar kowa, yana da imani da kunya da hawaye, kuma wahalarsa domin jama'a yake sha. Duk wanda zai yanke wa nasa hukunci, to kada ya yi da abin da aka ce irinsu na yi. Ya matsa kusa ya tambaya, ya gani da idonsa, tun kafin kishi ya sa hannunsa ya ɓata abin da zai daɗe yana gyarawa.